Bunƙasar Tallafin Horar da Malaman Yara Ƙanana a Nijeriya: Daga Taron Bita Zuwa Ziyarar Aji

1.0 Gabatarwa

A makarantun firamare na gwamnati da yawa akwai wani aji da jama'a suka laƙaba wa suna rabin aji. Nan ake karɓar yaran da ba su kai shekara 6 ba, a share musu fagen shiga aji ɗaya. Duk wanda ya saba zagaya makarantu ya san yadda ake zaɓar mai riƙe wannan aji. Hedimasta yakan dubi malamansa, ya ware wa aji shida da aji biyar waɗanda ya fi amincewa da su, ya raba sauran, sannan wadda ta rage, ko wadda ta kusa yin ritaya, ko mai goyo, a ce ta je ta zauna da yara. Wannan kalma ta zama ita kanta ta isa ta nuna matsayin da aka ba aikin.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda tallafin da ake bai wa irin wannan malama ya faro, da yadda ya bunƙasa, da kuma inda ya tsaya. Abin da ake nufi da tallafi a nan shi ne duk wani taimako da malami yake samu domin ya ƙware a sana'arsa, musamman bayan ya kama aiki: taron bita, da littafin jagorar malami, da ziyarar da ake kai masa cikin aji, da haɗuwarsa da 'yan'uwansa malamai, da kuma takardar shaidar da za ta buɗe masa hanyar ƙarin girma. Za a fi mayar da hankali ga malamin da yaransa Hausa suke ji, domin shi ne mai amfani da manhajar da muke tsarawa.

2.0 Aji ya riga malami zuwa

A ƙasashen da makarantar yara ƙanana ta zamani ta samo asali, horar da malami tare ya taso da ita. Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantarsa ta Jamus suna Kindergarten a 1840, bai daɗe ba ya shiga horar da matan da za su gudanar da irinta. Haka ma Maria Montessori: ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, a 1909 kuma ta gudanar da kwas ɗinta na farko na malamai. A Nijeriya lamarin ya sha bamban, domin ajin ne ya fara zuwa, malaminsa ya biyo baya da tazara mai nisa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da ilimin share fagen shiga firamare, ta kuma faɗi abubuwa uku waɗanda har yanzu a kansu ake tattaunawa. Ta ce wasa shi ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki. Ta ce harshen koyarwa shi ne harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a inda yaro yake zaune. Ta kuma yi alkawarin tanadar gurbi a makarantun horon malamai domin masu son ƙwarewa a wannan fanni. Sai dai ta bar kafa makarantun a hannun masu zaman kansu. A daidai lokacin nan hankalin gwamnati ya tattara ne ga shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya kwararo da yara makaranta fiye da yawan malaman da ake da su. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, an kafa ta ne a wannan shekara domin ta cike giɓin malaman firamare. Saboda haka makarantun naziri suka zama na birane da na masu hali, Ingilishi ne harshensu, malamansu kuma galibi waɗanda suka gama sakandare ne suna jiran wata dama. Shi kuwa ɗan talaka mai shekara 4 a ƙasar Hausa, makarantar allo ita ce makarantarsa ta farko, daga baya Islamiyya ta ƙaru a kanta.

Sauyi ya fara ne daga waje. Taron duniya na ilimi ga kowa da aka yi a Jomtien ta ƙasar Tailan a 1990 ya tabbatar da cewa koyo daga haihuwa yake farawa, taron Dakar na 2000 kuma ya sanya kula da yara ƙanana da ilimantar da su a matsayin buri na farko cikin burika 6. A gida, an ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, sannan dokarsa ta 2004 ta shigar da kula da yara ƙanana cikin ilimin tushe, ta kuma ware wa shirin kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Daga nan ne rabin aji ya yaɗu a makarantun gwamnati. A 2007 aka fito da manufar ƙasa kan raya yara ƙanana, tare da manhajar 'yan shekara 0 zuwa 5 da kuma mafi ƙarancin ƙa'idojin da cibiyar renon yara za ta cika, waɗanda Majalisar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, NERDC, ta tsara da tallafin UNICEF. A bugun 2012 na ƙa'idojinta, Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa ta sake fasalin karatun NCE bisa matakin da ɗalibi zai koyar, ta ware wa ilimin yara ƙanana sashensa na kansa. Bugun 2013 na Manufar Ilimi kuma ya mayar da shekara ɗaya ta share fage wani ɓangare na ilimin tushe.

Idan aka lissafa, shekara 35 ke nan tsakanin alkawarin 1977 da sake fasalin 2012. A tsawon wannan lokaci an buɗe azuzuwa, an zuba yara a ciki, an kuma ɗora musu malaman da aka horar domin koyar da Tarihi ko Nazarin Zamantakewa a ƙaramar sakandare. Wannan shi ne dalilin da ya sa horon bakin aiki ya fi muhimmanci a wannan mataki fiye da kowane mataki: ga mafi yawan malaman rabin aji, shi ne horo na farko da suka taɓa samu a kan yaro ƙarami.

3.0 Zamanin taron bita

Hanyar farko da aka bi, wadda kuma har yau ta fi yawa, ita ce taron bita. Kuɗinsa yana da tushe, domin a tsarin rabon da aka bi shekaru da dama, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa takan ware kashi 10 cikin 100 na asusunta domin horar da malamai. NTI ma ta gudanar da manyan tarukan bita na lokacin hutu a faɗin ƙasa daga 2006. Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1993, ta ƙara wa al'amarin ƙarfi da ta sanya ci gaba da neman horo cikin abubuwan da ake buƙata ga malami mai rajista.

Bai kamata a raina abin da bita ta yi ba. Ta hanyarta ne malamai da yawa suka fara jin cewa akwai manhaja ta musamman ga yara ƙanana, kuma a can suka fara ganin yadda ake raba aji zuwa kusurwoyi, nan wurin zane, can wurin lissafi da marafan kwalba da tsakuwa.

Amma tsarin da aka gina bitar a kansa yana da rauni. Akan horar da manyan masu horarwa a Abuja ko Kaduna, su kuma su horar da na jiha, na jiha su horar da na ƙaramar hukuma, sannan abin ya iso ga malama. A kowane mataki kwanaki suna raguwa, gwaji a aikace yana komawa lacca, har abin da ya fara a matsayin nuna yadda ake koyarwa da wasa ya ƙare a matsayin rubuta ma'anar koyarwa da wasa a kan allo. Ruwan da aka yi ta juyewa daga wannan ƙwarya zuwa waccan, abin da zai kai ga mai ƙishirwa kaɗan ne. Bugu da ƙari, zaɓen mahalarta ba koyaushe yake bin buƙata ba. Tunda akwai alawus, sunan da yake zuwa a takarda sau da yawa ba na mai riƙe da ajin ba ne. Idan ma ita ce ta je, mai yiwuwa ne a zango na gaba a mayar da ita aji uku, a kawo wata sabuwa.

Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan zurfi. Na taɓa shiga wani rabin aji makonni kaɗan bayan malamarsa ta dawo daga bita. Ta nuna mini takardar shaidar halarta da littafin da aka ba ta, yana nan sabo cikin leda. Yara sun cika ɗakin a kan tabarmi, ita kuma tana tsaye da tsumagiya tana maimaita musu haruffan Ingilishi suna amsawa. Da na tambaye ta kusurwoyin da aka koya musu, sai ta ce, "Malam, a can fa mu manya ne muka yi kamar yara, kuma mu ashirin ne." Ban ga laifinta ba. Manufar Ilimi ta ce malami 1 ga yara 25, an kuma tsara bitar bisa wannan zato, alhali ita ajinta ya ninka haka fiye da sau biyu. Abin da take buƙata shi ne wanda zai tsaya tare da ita a wannan ɗaki, da waɗannan yara, ya nuna mata yadda za ta raba su gida huɗu ba tare da ajin ya rikice ba.

4.0 Daga zauren taro zuwa cikin aji

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu gane wannan. Kenya ta kafa cibiyar ƙasa ta ilimin yara ƙanana a 1984, ta bi ta da cibiyoyi a gundumomi. Malamai sukan je kwas a lokacin hutu, idan makaranta ta buɗe kuma masu horarwa su bi su har azuzuwansu, a haka har tsawon shekara 2. Wani misalin da ya fi kusa da yanayinmu shi ne shirin makarantun madarasa na yara ƙanana da Gidauniyar Aga Khan ta faro a Mombasa a 1986, ya kai Zanzibar a 1990 da Yuganda a 1993. Al'ummar unguwa ce take zaɓo 'yan matanta a horar da su, a riƙa kai musu ziyara a kai a kai, manhajar kuma ta haɗa tarbiyyar Musulunci da harshen gida da koyo ta hanyar wasa. Iyayen da suke ɗari-ɗari da naziri sun karɓi wannan domin sun ga nasu ne.

Gana ta ba da hujjar da aka auna. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, Sharon Wolf da abokan aikinta sun gudanar da bincike a makarantu 240 na gwamnati da masu zaman kansu a yankin Accra. An ba wani rukuni na malamai horon kwana 5, aka ƙara musu na tunatarwa sau biyu, jami'an ilimi na gunduma kuma suka riƙa kai musu ziyarar jagoranci cikin aji. An ga ingancin koyarwa ya ƙaru, gajiyar zuciya da aikin yake jawo wa malamai ta ragu, barin aiki ya ragu a makarantu masu zaman kansu, shirin yara na shiga firamare kuma ya ɗan inganta. Abin mamakin shi ne rukunin da aka ƙara wa tarukan wayar da kan iyaye: a can ribar da yara suka samu ta dusashe. Darasin da mai tsara manhaja zai ɗauka shi ne, iyaye suna da nasu ma'aunin karatu. Uban da yake jiran ɗansa ya dawo gida da littafi cike da rubutu, idan aka gaya masa wasa ake yi, yana iya ɗauka ana ɓata wa yaron lokaci ne. Malamar da ba a koya mata yadda za ta amsa masa ba, komawa za ta yi ga hadda.

A arewacin Nijeriya an gwada wannan salo, amma a ƙananan azuzuwan firamare. Shirin ESSPIN na 2008 zuwa 2017 ya yi ƙoƙarin mayar da sufeton makaranta daga mai neman laifi zuwa jami'in tallafa wa malami. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA da ya faro a Katsina da Zamfara, sun haɗa littafin jagora na darasi bayan darasi cikin Hausa da ziyarar aji da tarukan malaman makarantun da suke kusa da juna. Kayan aikin ke nan da rabin aji yake buƙata, kuma an riga an fassara dabarun zuwa yanayinmu. Abin lura kawai shi ne kada a kwaso darasin aji ɗaya a sauke wa ɗan shekara 4. Hasali ma, babban hatsarin maƙala rabin aji a jikin firamare shi ne ya rikiɗe ya zama aji ɗaya na ƙananan yara.

5.0 Batun harshe

A nan ne aikin ya fi shafar mu masu nazarin harshe, kuma a nan ne horon ya fi rauni. Ana ɗauka cewa duk wanda ya iya Hausa zai iya koyarwa da ita. Ba haka abin yake ba. Malama tana iya zama Bahaushiya gaba da baya, amma ba ta taɓa karanta ƙa'idojin rubutun Hausa ba, tana rubuta kofa a maimakon ƙofa, tana haɗa kalmomin da ake rabawa. Idan ta zo koyar da haruffa kuma, sunayensu na Ingilishi take kira, alhali yaron da zai karanta Hausa sautin harafi yake buƙata, da yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da gaɓa. Tsarin gaɓar Hausa mai sauƙi ne, rubutunta kuma yana bin furuci sosai, wannan ni'ima ce da Ingilishi ba shi da ita. Wajibi ne horo ya nuna wa malama wuraren da yaro zai yi tuntuɓe: haruffa masu ƙugiya, da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da gw, da kuma tsawon wasali da karin sauti waɗanda ba a nuna su a rubutu, yadda garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi suke zuwa da kama ɗaya a takarda.

Kafin a kai ga harafi ma, aikin rabin aji na kunne ne da baki. A wannan fage Hausa ba ta rasa komai ba. Akwai waƙoƙin reno, da tatsuniya, da kacici-kacici, da maganganun karya harshe waɗanda suke horar da kunne ya rarrabe sautuka masu kama da juna, da gaɗa da langa da wasan 'yar tsana. Malamai sun san waɗannan tun suna yara, abin da ba su sani ba shi ne darasi ne. Sun baro su a ƙofar makaranta domin an nuna musu cewa karatu shi ne abin da ya zo a littafi. Mai horarwa nagari zai ɗauki tatsuniya guda ya nuna yadda ake tsayawa a tsakiya a tambayi yara abin da Gizo zai yi, yadda ake sa yaro ya sake ba da labarin bi da bi, da yadda ake ciro sababbin kalmomi 3 daga ciki a yi ta juya su har mako ya ƙare. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo, sai dai yana buƙatar a gani a kuma gwada a gaban wanda ya iya.

Haka nan ajin da ake kira na Hausa ba lalle ne kowa a cikinsa Hausa ce harshensa na farko ba. Akwai ɗan Fulani da ya zo da Fulatanci, akwai Babarbare, akwai Banufe. A kudu kuma lamarin juyawa yake yi, domin ɗan Bahaushe a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, harshen da ya fi rinjaye a inda yake zaune Yarabanci ne. Ga kuma bambancin karin harshe: ba daidai ba ne malama ta riƙa gyara wa ɗan Sakkwato furucin gidansu kamar kuskure ne, a shekarar da ya kamata a sake masa baki ya yi magana. Daidaitacciyar Hausa tana da lokacinta, idan an zo rubutu.

Manufar gwamnati a kan wannan batu ta yi ta sauyawa. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshe da ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekaru 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya bayyana cewa an soke ta, an mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin share fage. A ganina, sakamakon gwajin Ile-Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 bai tsufa ba, kuma inda koyarwa da harshen uwa ta gaza, sai a fara tambaya ko an horar da malaman an kuma ba su littattafai. To amma ko da wace manufa ake aiki, yaro mai shekara 4 a ƙauyen Jigawa da Hausa zai shigo aji, da ita zai nemi izinin fita, da ita zai yi kuka. Idan Ingilishi ne harshen koyarwa, nauyin da ke kan malama ƙaruwa ya yi, domin yanzu sai ta iya gina sabon harshe a kan wanda yaron ya zo da shi. Wannan ƙwarewa ce ta daban, kuma dole ta shiga manhajar horo.

6.0 Waɗanda tallafin bai kai gare su ba

Kuɗin horo na ilimin bai-ɗaya makarantun gwamnati yake bi. Amma ɗimbin yara ƙanana a biranenmu suna ƙananan makarantu masu zaman kansu ne da Islamiyyu, inda albashi ya fi ƙanƙanta, malamai kuma suka fi saurin sauyawa. Mai makaranta ba ya son sakin malama ta je bita a ranar aiki, yana kuma tsoron idan ta ƙware ta bar shi. Hanyar da ta fi dacewa da su ita ce taron malaman unguwa ɗaya na sa'o'i kaɗan, sau ɗaya a wata, a makarantar da za a iya zuwa da ƙafa, a gayyaci na gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya tare. Waya ma ta sauƙaƙa wani abu, domin saƙon murya cikin Hausa a WhatsApp yana iya tuna wa malama darasin mako, ko da yake ba zai maye gurbin wanda ya zauna a bayan aji ya ga abin da ya faru ba.

Sai kuma batun tura malamai. Kwalejojin ilimi suna yaye ɗalibai masu NCE a ilimin yara ƙanana, amma babu ribar wannan idan hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta tura su aji huɗu domin a can ake ganin ƙarancin malami. Abu ne da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi za su iya gyarawa da takarda guda: a rubuta rabin aji a matsayin gurbi mai sunansa a jerin ma'aikatan kowace makaranta, a ba wanda ya karanci fannin fifiko, wadda aka horar kuma kada a ɗauke ta daga ajin kafin ta cika shekara 3 a cikinsa, sannan a riƙa lissafa rahoton ziyarar aji cikin takardun da ake dubawa lokacin ƙarin girma.